Bencin Sama da Bencin Ƙasa

Toivola, Michigan
Nuwamba

Sonja 'yata,

Amincin Allah ya tabbata gare ki da mutanen gidanki. Ina lafiya, ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Dusar ƙanƙara ta riga ta rufe matakalar baya. Ina fata jikata Maija tana cin abinci, don a hoton da kika aiko wuyanta ya yi tsawo.

A cikin kwalin akwai burodin nisu, da kwalbar jam, da safar ulu taki da ta Maija. Ta mijinki tana kan allura, ƙafarsa ta cinye mini zare.

Ranar Asabar mun hura sauna, ɗakinmu na wankan tururi, kamar kullum, ni da ƙawayena Irene da Helmi. Shekara tara da rasuwar babanki Reino, amma bencin da ya kafa da hannunsa ko motsi ba ya yi. Helmi ta tambaya ko za ku zo bikin Juhannus, na tsakiyar bazara, a watan Yuni. Na ce za ku zo, saboda haka kada ki maishe ni maƙaryaciya. Ta kuma tambaya ko har yanzu mijinki Curtis a bencin ƙasa yake zama tare da yara, inda zafi ya fi sauƙi. Na ce mutumin da ya girma a kan ruwan sanyi ba a yi masa gaggawa. Amma ke ma kin sani, ƙaton namiji da ke fita a guje daga an zuba ruwa kaɗan a kan duwatsun murhu tururi ya tashi, abin a duba ne.

Ki daina shan taba. Ki rubuto, kada ki bugo waya. A waya mutum yana faɗin abin da bai auna ba.

Mahaifiyarki,
Verna

*

Kodiak, Alaska
Disamba

Mama,

Muna lafiya, muna gaishe ki da gwiwa. Kwali ya iso da gefensa a jiƙe, amma burodin ya tsira, sai dai bai tsira daga Maija ba. Ta ce in gaya wa kakarta wuyanta gado ne daga wajenki.

Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina, kuma kada ki tayar da hankali. Na je gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata. An ga wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, kuma ta ɗan sauya fatar wurin. Ba cutar kansa ba ce. Likita ta ce za a cire ɗan wurin a watan Janairu don kada ya zama wani abu nan gaba, aikin da ba a kwana a asibiti. Ta ce ta hanyar kwanciya ake ɗaukar ƙwayar, kuma kusan kowa yakan haɗu da ita a rayuwarsa, yawanci jiki ya kore ta ba a ma sani ba. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa yara masu shekarun Maija, za mu kai ta a yi mata.

Curtis a jirginsa na kamun kifi yake kwana kwanakin nan, ni da Maija ne kawai a gida. Gaskiya gidan ya fi tsabta.

Juhannus muna nan tafe, ki gaya wa Helmi ta kwantar da hankalinta.

Taki,
Sonja

*

Toivola
Disamba, bayan Kirsimeti

Sonja,

Amincin Allah gare ki da Maija. Ina lafiya a jiki.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kin ce kada in tayar da hankali, sannan kika gaya mini hanyar da ake ɗaukar cutar, sannan kika gaya mini kin kore shi ya koma kwana a jirgi. Ni ba yarinya ba ce. Na san tarbiyyar da na yi miki. Kuma na san abin da ke faruwa a garuruwan bakin teku in masunta sun sauka da kuɗi a aljihu da mako guda ba aiki. Wannan maganar ta kusan kowa da likitarki ta yi, haka suke faɗa don kada a ji kunya, kuma rashin jin kunyar ne ya kawo duniya inda take.

Kin yi daidai da kika fitar da shi. Ban ce ki kashe aure ba, ba koyarwarmu ba ce. Amma sai ya tuba a gaban Allah da gabanki. Na warware safarsa, zaren ya koma kwando. A watan Yuni ki zo da Maija, ɗakinki yana nan. Shi kuwa ba zai shiga saunar babanki ba, ko bencin ƙasan ma.

Batun allura, ban yarda ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da har yanzu take kwana da 'yar tsana, me ya haɗa ta da wannan? Abin da ke kare mace shi ne kamun kai da tsoron Allah. Da su na kai shekara sittin ban taɓa jin sunan wannan ƙwaya ba.

Ina yi miki addu'a safe da yamma. Ban gaya wa kowa ba.

Mahaifiyarki

*

Toivola
Fabrairu

Sonja 'yata,

Amincin Allah. Janairu ya wuce ban ji daga gare ki ba. Mai kawo wasiƙu ya fara ɗaga mini hannu tun daga mota don kada in taka ƙanƙara a banza. Na ɗaga waya sau da yawa na mayar. An yi aikin? Kina cin abinci? In fushi kike yi da ni, yi fushin a takarda, zan karanta.

Mahaifiyarki

*

Kodiak
Ƙarshen Fabrairu

Mama,

Lafiya ƙalau nake. An yi aikin, an cire wurin gaba ɗaya, likita ta ce ya fita tsaf, sai dai a riƙa dubawa. Wasiƙarki ta Disamba ta makale saboda guguwa, ta iso ana jibi za a yi mini aiki. Shi ya sa na yi shiru. Da na amsa a ranar, da yanzu ba ma magana.

Curtis yana kwana a jirgi ne saboda injin ya lalace ana gab da fita kamun kaguwa, kuma in ba a hura wuta a ciki ba bututun ruwa zai daskare ya fashe. Wannan ne duka. Na ce gidan ya fi tsabta ne saboda ba takalmansa masu ƙarnin kifi a bakin ƙofa. Mutumin da kika warware wa safa shi ne ya bar jirginsa ya tafi ba shi, ya zauna a gida, ya kai ni asibiti, ya riƙe mini jaka kamar ɗan aike, ya dafa miyar da Maija ta ce ko karnuka sai sun yi shawara kafin su sha. Bai ga wasiƙarki ba, amma ya tambaya me ya sa har yanzu safarsa ba ta iso ba.

Likita ta ce gwaji ba ya nuna yaushe aka ɗauka ko daga wa. Ƙwayar takan yi shekaru a kwance. Na yi aure ina da shekara ashirin da bakwai, shi kuma ya taɓa aure kafin ni, kin san da haka tun ranar biki.

An yi wa Maija allurar farko. Ta yi kuka kaɗan, ta ci alewa, ta koma ga 'yar tsanarta. Ana yi ne tun suna ƙanana don ta riga ƙwayar isa, ko da auren fari da na ƙarshe za ta yi kamar ke.

Abu ɗaya kika ci: likita ta ce taba tana hana jiki korar ƙwayar. Na daina. Ki ji daɗinki.

Yanzu maganar Yuni. Mu uku za mu zo, ko kuma ba mai zuwa. Sannan ke, yaushe rabonki da gwaji? Tun haihuwar autanki, in ban yi kuskure ba. Ki je.

Sonja

*

Toivola
Afrilu

Sonja 'yata,

Amincin Allah gare ku. Na gode wa Ubangiji da aikin ya yi kyau, na durƙusa a kicin na gode masa duk da gwiwar. Batun taba kuwa, shekara goma sha biyar ina faɗa, sai da mai farar riga ta faɗa kika ji. Ba komai.

Na je gwajin. Na je ne don in nuna miki cewa macen da ta tsare kanta ba ta da abin tsoro. Nas ɗin da ta yi mini Paula ce, 'yar gidan Ollila, wadda na koyar a makarantar Lahadi tana zubar da majina. Ban taɓa zaton zan kwanta a gabanta a wannan hali ba. Na rufe ido na karanta Zabura.

Sakamako ya fito. Fatar wurin lafiya lau, amma sun ce akwai ƙwayar. In dawo baɗi a sake dubawa.

Na zauna na yi tunani da hankalin da Allah ya ba ni. Ni ban san namiji ba sai babanki. Babanki kuwa dattijon coci ne, kuma shekara tara yana kwance a ƙasa. To ta ina? Abu ɗaya ne jikina da jikin mijinki suka taɓa haɗa wa: bencin ƙasa. Bara da kuka zo, a nan ya yi ta zama yana gumi, ni kuma a nan nake zama kowace Asabar in goge diddigena. Katako yana shan ruwa, kowa ya sani. Nan take na tuna da Irene da Helmi, mata masu mutunci da jikoki, da suke zama a wurin bisa gayyatata.

Ban jira ba. Na ɗauko dogon ƙarfen da babanki yake zare ƙusa da shi. Da na cire na ƙasa sai na ga tururi yana ɗaukar komai ya kai sama, don haka na cire na saman ma. Babanki bai yi aikin wasa ba, sai da na yi yini biyu. Na sare su na cusa a murhun saunar, suka ci wuta da ƙamshi kamar ranar da ya kawo su. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma tsabta ta fi. Irene da Helmi na ce musu katakon ya lalace, kuma ba ƙarya na yi ba.

Yanzu a kan bokiti nake zama in yi wanka. Kin ga dai abin da halin mutum ɗaya yake jawowa.

Mahaifiyarki

*

Kodiak
Afrilu

Mamata,

Ina fata kina lafiya, ke da bokitinki.

Na karanta wasiƙarki a cikin mota a gaban gidan waya. Na yi dariya har wata mata ta ƙwanƙwasa gilashi ta tambaya ko lafiya, kafin in amsa mata dariyar ta koma kuka. Bencin Baba, Mama. A kan na ƙasan nan ya koya mini ƙirga, a ƙarƙashinsa na rubuta sunana da ƙusa kika dake ni.

Ba a ɗaukar wannan ƙwaya a benci. Irene da Helmi ba abin da ya same su ta wajenki. Na ji daɗi ƙwarai da fatar wurin take lafiya, kuma baɗi ko a kafaɗa sai an kai ki gwajin. Likitata ta ce ana yawan ganin ƙwayar a 'yan mata masu tasowa, sannan akan sake ganin ta a wasu matan bayan al'ada ta ɗauke, lokacin da ƙarfin jiki ya ja baya, abin da ya daɗe a kwance ya ɗago kai. Ba sai wani ya yi wani abu jiya ba.

Ba zan ce komai a kan Baba ba. Ke ce kika ba ni labarin yana da shekara talatin da ɗaya kuka yi aure, bayan ya gama soja ya kuma yi aikin jiragen dakon tama. Mutumin kirki ne kafin wannan gwaji, mutumin kirki ne bayansa. Abin da nake roƙo kawai, mudun da za ki auna masa da shi, ki auna wa mijina da shi.

Kada ki yarda da ni. Koma wajen Paula ki tambaye ta batun benci, ki dube ta ido cikin ido.

Na gaya wa Curtis komai a wannan karon. Sai da ya gama cin abinci, sannan ya tambaya wane irin katako ne.

Taki,
Sonja

*

Toivola
Mayu

Curtis,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Ina fata teku tana yi maka sauƙi. Wannan ce wasiƙata ta farko zuwa gare ka, kuma ban iya doguwar hanya ba.

Na koma wajen nas na yi mata tambayar benci. Ta ɗaga takarda ta rufe fuskarta, ta ce tari ne ya kama ta. Na koyar da yarinyar nan, na san tarinta. Da ta huce ta zaunar da ni ta faɗi abin da Sonja ta faɗa, ta ƙara da cewa: «Goggo Verna, a ɗakin nan na ga matan fastoci, na ga malaman makaranta, na ga waɗanda ba su san kowa ba sai miji ɗaya. Ƙwayar ba ta karanta takardar halin mutum.»

Daga can na wuce maƙabarta. Ban tambayi Reino komai ba. Ban tambaye shi yana da rai ba, shekara talatin ina wanke masa riga ina sanin inda ya kwana, ba zan fara yanzu ba. Abin da ya yi kafin ya san ni, tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, kuma na tabbata sun riga sun gama maganar. Na dai gaya masa abin da na yi wa bencinsa. Wannan ya fi wuya.

A hanyar dawowa na ga cewa uzurin da na ba mamaci cikin sauƙi, na hana mai rai. Na yanke maka hukunci ba shaida, na rubuta shi da hannuna, kuma na koyar da yara shekara da shekaru cewa wannan zunubi ne. Ka gafarta mini. Ka zo Juhannus da iyalinka. Sauna babu wurin zama, amma akwai bokiti biyu.

Safar tana cikin kwalin. Zaren ya ɗan lanƙwashe saboda warwarar da aka yi, zai miƙe in an wanke.

Surukarka,
Verna Lahti

*

Kodiak
Mayu

Mama Verna,

Na gode. Safa ta yi daidai, ina sanye da ita yanzu. Ba komai, ya wuce. Da 'yata ce aka ce an yi wa haka, da na yi abin da ya fi warware safa.

Ki sa wani ya auna mini ɗakin daga bango zuwa bango, da tsayin murhu, da inda tsofaffin ƙusoshi suka bar rami. Kada ki hau bokiti ki auna da kanki. Akwai wani abokina mai injin yanka katako, yana da katakon al'ul mai ruwan ɗorawa na nan wajenmu, ba ya ruɓewa kuma ba ya ƙona cinya. Da mota za mu taho daga inda jirgi ya sauke mu.

Sonja ta ce in gaya miki ta ƙara ƙiba tunda ta bar taba, kuma laifinki ne.

Curtis

*

Toivola
Yuli

Curtis ɗana, da Sonja, da Maija,

Amincin Allah gare ku duka. Ina fata kun isa lafiya. Gidan ya yi shiru, kuma, Sonja, ya fi tsabta, amma kada wani ya karanta wani abu a cikin wannan.

Maija, hannun ya daina ciwo? Paula ta ce ba ta taɓa ganin kakar da ta kawo jika allura ta biyu tana yi wa nas gargaɗin ta yi a hankali ba. Ra'ayina a kan kamun kai bai sauya ba, za ki ji shi daga bakina kowace shekara har ki gaji. Amma na rufe ƙofata da addu'a, na kuma sa mata sakata, ban taɓa ganin ɗaya ya hana ɗaya ba.

Ranar Asabar Irene da Helmi sun hau sabon benci. Helmi ta shafa shi ta shinshina, ta ce ya fi na Reino laushi, sai ta tuna a gidan wa take ta ce kusan. Ina cikin zuba ruwa na gaya musu gaskiyar dalilin da ya sa tsohon ya tafi. Irene ta yi dariya har sai da muka fitar da ita ta sha iska. Ban yi fushi ba, na jira ta gama, sannan na tambaye su yaushe rabonsu da gwaji. Dariya ta tsaya. Ranar Talata ni zan tuƙa su, na riga na gaya wa Paula ta shirya tarinta.

Curtis, sai bayan tafiyarku na ga sandar riƙewa da ka kafa a gefen hagu, daidai wajen gwiwar. Ban ce ka yi ba, kai ma ba ka ce ka yi ba. Na kuma ga ka ba Sonja ƙusa ta sake rubuta sunanta a ƙarƙashin bencin ƙasa. Mace mai shekara kusan arba'in. Ban dake ta ba saboda ta riga ta tafi.

Saura magana ɗaya. A bencin sama, kusurwar da ke dab da murhu, inda zafi ya fi taruwa, nan ne wurin Reino. Tun rasuwarsa ban bar kowa ya zauna a nan ba, ko ɗan cikina. Wurin maigida ne. Baɗi in Allah ya kai mu, naka ne. Sonja ta ce in ka ji wannan za ka ce gara a bar ka a ƙasa da yara. Ba shawara nake nema ba. Kana da shekara guda ka shirya, kuma ni zan riƙe ludayin zuba ruwa a kan duwatsu.

Mahaifiyarku,
Verna